Belin Jumman Masunci

Lokacin da na fara aikin lauya a kotun gundumarmu, ƙungiyarmu ta lauyoyi da alƙalai ba ta cika mutum talatin ba. Ɗaki guda muke da shi a bayan ofishin magatakarda, da tsohuwar fanka mai kuka, da kabad biyu na littattafan shari'a. Duk ranar Alhamis in an tashi daga kotu sai mu taru a nan, a kawo shayi mai madara da soye-soye, alƙalanmu biyu su shigo su zauna cikinmu kamar kowa. Maganar kullum ɗaya ce: me ya sa shari'a take tsufa a hannunmu, har mai ƙara ya mutu ɗansa ya gaje ta.

Wali Dad Abro ne ya kafa ƙungiyar, kuma a teburinsa na koyi aiki. Ba wanda yake kiran sunansa gatsau, Sa'in muke ce masa don girmamawa. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, baƙin kwat ɗinsa ya koɗe har ya koma ruwan toka. Wata shekara ya tafi babban birnin lardi ya roƙi a ƙaro mana alƙali na uku. Jami'in da ya saurare shi ya tambaye shi mu nawa ne a ƙungiyar. Da ya faɗa masa, sai mutumin ya yi murmushi ya sa aka kawo masa shayi. Sa'in ya dawo ransa a ɓace.

"Shabana 'yata," ya ce da ni, "mutanen nan ba hujja suke saurare ba, kawuna suke ƙirgawa. Ki nemo mana mutane."

Na ɗauki abin da gaske. Na bi ƙananan kotunan garuruwan da ke kewaye da mu, na shiga gidajen da 'yan mata suka gama karatun lauya suka zauna, na lallashi iyayensu. A hankali muka ninka. Sa'in yakan tsaya a bakin ƙofa ranar Alhamis yana gaisawa da kowa da sunansa.

Daga nan Imdad Khoso ya shigo cikin aikin. Matashin lauya ne mai fara'a da kyauta, kowa ya gamu da shi sai ya ji kamar sun daɗe da sanin juna. Ni kuwa Adi yake ce mini, wato yaya, yadda ake kiran mace a wajenmu don girmamawa. Wata safiya na ga bas cike da maza ta tsaya a ƙofar kotu, Imdad ya sauko yana dariya.

"Su wane ne waɗannan?" na tambaye shi.

"Lauyoyi mana, Adi. Duba takardunsu, ba na jabu ko ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, kowannensu yana da shaidar karatu da lasisi. Sai dai wannan gidan mai yake da shi, wancan dillalin taki ne, da yawansu kuwa 'ya'yan manyan masu gonaki ne da suka yi karatun don a riƙa ce musu lauya a wurin biki. Ba wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali. Na kai wa Sa'in maganar.

"Dokarmu ta ce duk mai lasisi," in ji shi. "Ni na rubuta ta da hannuna. Bar su su shigo, za su koya."

Bas ta biyu ta zo, ta uku ta biyo. Kafin shekara biyu mun haura ɗari bakwai. Kuma ba zan ɓoye ba, yawan ya yi mana rana. Aka ba mu alƙali na uku. Aka gina mana babban zaure. Aka yi wa mata banɗaki, abin da na shekara ina ƙin shan ruwa tun safe saboda rashinsa. Ranar da aka buɗe zauren Sa'in ya yi hawaye.

Da zaɓe ya zo, Imdad ya zama shugaba ba tare da wata wahala ba. Aka yafa wa Sa'in mayafi a kafaɗa, aka naɗa shi uban ƙungiya, aka ba shi kujera a sahun gaba. Zaman Alhamis ya canza. In alƙali ya shigo sai a kewaye shi, wannan ya raɗa masa zancen shari'arsa, wancan ya tuna masa ɗan wane ne shi. Alƙalai biyu suka daina zuwa. Ɗaya ya rage, Nisar Channa, mutum mai ƙarancin magana da taurin kai, wanda yake cewa shi tun ana zama a ƙaramin ɗaki yake ciki, ba wanda zai kore shi.

A cikin wannan hali wata mata mai suna Nuran ta same ni a teburina ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Daga bakin tafki ta zo, tafiyar rabin yini a mota. Mijinta Jumman masunci ne. An sace injin ban ruwa a wata gona da ke gaɓar tafkin, wani ya ce ya ga kwalekwalen Jumman a wurin da asuba, shi ke nan 'yan sanda suka ɗauke shi. Ba a samu injin a wurinsa ba, ba a samu komai ba.

"A wurin yake jefa tarunsa tun kafin ya aure ni," ta ce. "To ina ake so a ga kwalekwalensa, a kan dutse? Kuma yana da ciwon suga, Adi. Can ciki wa zai kula da abin da yake ci?"

Na karanta takardun na ce mata ta kwantar da hankalinta. Irin wannan beli ba ya ɗaukar minti goma. Akwai wani dillalin kifi da ya yarda zai tsaya masa, tunda su masunta ba su da takardar fili. Aka sa mana ranar Litinin a gaban Alƙali Channa.

Ana saura kwana kaɗan, Imdad ya shiga kotun Channa neman belin ɗan wani babban mai gonaki, yaron da ya harba bindiga a wurin biki ya raunata mai kiɗa. Channa ya hana. Imdad ya ɗaga murya, Channa ya ce masa ko ya zauna ko ya fita. Kafin azahar saƙo ya zaga wayoyinmu: taron gaggawa a zaure.

Ban taɓa ganin zauren ya cika haka ba. Motoci har kan titi. Na duba dama da hagu, fuskokin da na sani ba su fi na sahu biyu ba. Channa da kansa ya zo, yana cewa shi ma ɗan ƙungiya ne yana da bakin magana, samarin da ke ƙofa suka ce masa yau ba a shiga da alƙalai. Ya juya ya tafi.

Imdad ya yi magana mai daɗi a kan mutuncin baƙin kwat. Ya ce wanda ya wulaƙanta lauya ɗaya ya wulaƙanta duka. Ya nemi a ƙaurace wa kotun Channa har sai an ɗauke shi daga gundumar. Na miƙe na ce akwai mutane a kurkuku da shari'arsu take gabansa, a cire neman beli daga yajin.

"Wace ce wannan kuma?" wani ya ce daga baya.

"Adi, zauna, kar ki gaji!"

"Ko alƙalin surukinki ne?"

Dariya ta tashi. Sa'in ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya fara da cewa ba don wannan aka kafa ƙungiyar ba, amma muryarsa ba ta wuce sahu na uku ba, kuma ba wanda ya miƙa masa abin magana. Wani saurayi kusa da ni ya tambayi abokinsa, "Tsohon nan ɗan wa yake wa shari'a?" Aka fara tafi don ya yi shiru. Shi kuwa da kunnensa, ya zaci yarda ake da shi, ya ci gaba har Imdad ya zo ya rungume shi ya zaunar da shi. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ban ma iya hango bangon zauren ba saboda hannuwa.

Ranar Litinin Nuran ta iso da sassafe, ta sa tufafinta na fita, ta riƙo wa Jumman takalmi don ta ce da silifas ɗaya aka kama shi. Na zaunar da ita na yi mata bayani.

"Yajin aiki," ta maimaita. "To shi kurkukun ma yana yajin aikin?"

"A'a."

"Alƙalin yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ke ga ki. Takarda ga ta. To mene ne ya hana?"

Na nuna mata matakalar kotun, inda maza sun fi hamsin suke zaune kan tabarmi suna shan shayi. Ta dube su ta dube ni. Na ce mata mako guda ne, ba ya wuce haka. Ta mayar da takalmin cikin jakarta.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Magatakarda yana ta ɗage rana, Nuran tana ta zuwa tana komawa. Na ce mata ta daina wahalar da kanta, zan kira ta a waya, ta ce in ba ta zo ba ji take kamar ta bar shi. Na je kurkuku na ga Jumman. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta ƙona shi. Ƙafafunsa sun kumbura, akwai gyambo a babban yatsan ƙafar dama da ya ɗaure da tsumma. Bai yi mini ƙorafi ba. Tambayata ya yi ko ruwa ya fara ja da baya, don in ya ja lokacin kamun kifi ya zo, kuma ɗansa bai iya gyaran taru ba tukuna.

Wata rana na ci karo da Channa a barandar baya. Bai tsaya ba, yana tafiya ya ce, "Kullum ina zaune tun safe, lauyan gwamnati ma yana nan. Ki tsaya gabana ki roƙa. Ba zan iya bayar da abin da ba a roƙa ba."

Na tafi ofishin Imdad. Ya miƙe tsaye ya karɓe ni, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya saurare ni har na gama.

"Wallahi na tausaya masa, Adi. Amma in na buɗe miki yau, gobe mutum hamsin za su zo, kowa da nasa masuncin."

"Ƙafarsa tana ruɓewa, Imdad."

"To ai shi ya sa za a ɗauke Channa da wuri. Duk wanda ya ƙara kwana a kurkuku, a wuyan Channa yake. Manyansa can sama suna gani. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ya rako ni har bakin ƙofa yana tambayar lafiyar mahaifiyata.

Na gaya wa Sa'in zan shiga ko da izini ko babu. Ya ce tare za mu je. Ranar da aka sake sa wa shari'ar, na ɗauki takarduna, shi kuma ya dogara sandarsa, muka nufi matakalar. Nuran tana biye da mu daga nesa.

Ba wanda ya taɓa ni, kar in ɗora musu abin da ba su yi ba. Matsowa kawai suka yi suka haɗa kafaɗa, sahu bayan sahu, har ƙofa. Wasunsu kwat ɗin sabo ne fil, ko tambarin shago ba su cire daga hannun rigar ba. Na ce su ba ni hanya, suka fara rera taken ƙungiya. Na yi dama suka yi dama. Na hango wata yarinya da ni na je har gidansu na roƙi mahaifinta ya bar ta ta fito aiki, tana tsaye a gefe, da muka haɗa ido ta sunkuyar da kai. Daga ciki ina jin mai kiran ƙara yana kiran sunan Jumman, ya kira, ya sake kira.

Sa'in yana ta cewa, "'Ya'yana, ku saurara, 'ya'yana." Rana ta yi zafi, numfashinsa ya fara sarƙewa. Ƙafafunsa suka gaza, ya sulale ya zauna a kan matakala a tsakiyarsu. Nan da nan aka kawo masa ruwa, wani ya yi masa fifita, wani ya ɗauki hoto. Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya, an rubuta a ƙasa cewa uban ƙungiya ya shiga zaman dirshan. Da jikarsa ta nuna masa, ya daɗe yana kallon hoton. Tun daga ranar bai sake taka harabar kotu ba.

Ni kuma ban samu shiga kotun ba, ƙungiya ta dakatar da ni. Na zo da safe na tarar an ɗauke teburina daga ƙarƙashin darbejiya. Masu buga takardu suka daina karɓar aikina don tsoro. Mutanen da nake wa shari'a a sauran kotuna biyun suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓe takardunsu, suna ba ni haƙuri. Ina da uwa mara lafiya da 'ya'ya biyu a makaranta. Bayan 'yan makonni na tsaya gaban kwamitin ƙungiya na ce na yi kuskure. Imdad ya ce ai tsakanin 'yan uwa ba a tone-tone, aka mayar mini da teburina.

A wata na huɗu aka ɗauke Channa, aka tura shi wata gunduma can cikin hamada. Aka kawo makaɗa harabar kotu, aka raba alewa. Nuran tana zaune gefena wani saurayi ya miƙo mata, ta karɓa don ba ta san ta mene ne ba.

"An gama ke nan?" ta tambaye ni. "Gobe zai fito?"

Ba a gama ba. Babu alƙalin da ya yarda a kawo shi kujerar Channa, kowa ya ji labarinmu. Kotun ta zauna a kulle. Sai da na yi ta zirga-zirga kafin aka mayar da shari'ar gaban ɗaya daga cikin alƙalai biyun da suka rage, wanda takardu suka riga suka yi masa tsibi. Kafin ranarmu ta zo, dillalin kifin nan ya janye. Ya ce abin ya yi tsawo, kuma mai gonar da aka yi wa sata ya aiko masa da gaisuwa. Na nemi wani mai takardar fili da zai tsaya wa Jumman, ban samu ba. A cikin wannan jiran aka yanke wa Jumman yatsan a asibitin kurkuku.

Ranar da aka kawo shi, lauyan gwamnati ya ja ni gefe. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa.

"Shaidu ba za su zo ba, kin sani," ya ce. "In kin nace a yi shari'a, shekara ce ko fiye, yana ciki. In ya amsa laifi, hukuncin bai kai zaman da ya riga ya yi ba. Yau zai kwana a gida."

Na samu Jumman a ɗakin da ake ajiye fursunoni a bayan kotu. Ya rame, kafaɗun nan sun zube. Nuran tana tsaye a wajen ƙarfen, ta zura hannu ta riƙe gefen rigarsa. Na faɗa masa yadda abin yake, ban rage ba ban ƙara ba.

"Ban ɗauka ba, Adi."

"Na sani."

"Ko ɗaga shi ba zan iya ni kaɗai ba. Kin taɓa ganin injin nan?"

"Na sani, Jumman. In ka ce mu yi shari'a, zan tsaya maka har ƙarshe. Amma ba zan iya ce maka ga ranar da za ta ƙare ba."

"Ke me kika gani?"

Shekarun da na yi ina karatu da aiki, ba inda aka koya mini amsar wannan. Nuran ce ta yi magana.

"Ka ce ka ɗauka. Allah ya san ba ka ɗauka ba, ni ma na sani. Yatsa ɗaya suka cire, in ka ƙara shekara ƙafar za su cire. Ka ce ka ɗauka mu tafi gida."

Ya dubi ƙafar tasa. Sannan ya ce to.

A gaban alƙali aka karanta masa tuhuma, aka tambaye shi ko ya amsa. Ya motsa baki. Alƙalin ya ɗago ya ce bai ji ba, ya ɗaga murya. Jumman ya ce, "Na ɗauka, ranka ya daɗe." Alƙalin ya rubuta, ya ce zaman da ya yi ya wadatar, a kira ƙara ta gaba. Duka-duka abin bai kai shan kofin shayi ba.

Sai bayan la'asar aka gama sa hannu aka sake shi. Na raka su bakin titi, yana ɗingishi yana dafe da kafaɗar matarsa. Ya yi mini godiya sosai, har ya sa ni jin kunya. Da muka tsayar da keke mai ƙafa uku da zai kai su tasha, sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Adi, takardar nan da alƙali ya rubuta, a nan za ta zauna ko za ta je can wajenmu?"

Na ce masa kwafi zai je ofishin 'yan sandan yankinsu.

"To duk abin da ya ɓace a bakin tafki, ni za a fara zuwa wa ke nan."

Ban ce masa a'a ba. Ya gyaɗa kai, Nuran ta tallafa masa ya shiga. Mai keken ya tambaye su wace tasha, ta faɗa masa, suka shige cikin cunkoson motoci.